Yaron da ya iya kwance batir: jagorar aiki da yaran da suka taka doka a Maraɗi

Shekararsa 15 lokacin da aka fara kawo mini shi. An kama shi da batir ɗin wata mota da ke kwana kusa da tasha, ya kwance shi cikin dare ya sa a buhu, ya nufi wajen masu sayen tsofaffin ƙarafa. Na zaunar da shi a biro na yi masa nasiha ta kusan rabin awa: wuta da aljanna, hawayen uwarsa, zafin kaso. Kansa a sunkuye, kome na ce sai ya ce, “To, Mushe.” Na sallame shi ina jin na yi aiki. Wata bai cika ba aka sake kama shi, wannan karon da batir ɗin sola na wani gida a unguwar Zariya.

Da aka dawo da shi, wa’azina ya riga ya ƙare. Sai na tambaye shi abin da ya ɗaure mini kai da gaske: “Kai ƙanena, cikin duhun nan ba tocila, yaya aka yi ka kwance shi ko tartsatsi bai tashi ba?” Ya ɗago ya dube ni, karo na farko ke nan da na ga ƙwayar idonsa. Ya ce, “Ai baƙar waya ake fara cirewa, Mushe. In ka fara da ja, sifana ta taɓa ƙarfe, ka jawo wa kanka.” Daga nan bakinsa ya buɗe. Ashe tun yana ɗan shekara 9 yake raɓe wajen wani mai gyaran wutar mota a unguwarsu, yana miƙa masa kayan aiki, har ranar da wani abu ya ɓace a garejin aka kore shi ba tare da an tambaye shi ba.

Wannan jagora ta waɗanda ke aiki da irin yaran nan ce: ma’aikatan kare yara, malaman tarbiyya a gidan kaso, masu unguwanni, iyayen gidan sana’a, har da kawun da aka damƙa wa yaro a gaban alƙali aka ce ya kula da shi. Gundarin maganar ɗaya ne. Yaron da ke gabanka ya riga ya iya wani abu, kuma akwai abin da yake so a ransa. Aikinka ka tono su, ka sa ya faɗe su da bakinsa, ka ɗaura su da wani babba guda da wani ƙaramin aiki na wannan satin.

Masana aikin jin daɗin jama’a a jami’ar Kansas ta Amurka, irin su Dennis Saleebey da Charles Rapp, su suka tsara wannan hanya a rubuce tun shekarun 1980 zuwa 1990. Kafin su, Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na jihar Hawaii ta Amurka har suka manyanta. Cikin waɗanda suka tashi a talauci da rikicin gida, kusan kashi ɗaya cikin uku sun zama mutanen kirki, kuma abin da ya yawaita a labarinsu shi ne wani babba da ya riƙe su, ko kaka, ko malami, ko maƙwabci. Mu nan ba baƙon zance ba ne gare mu, tunda mun gaji cewa ɗa na kowa ne. Abin da muka rasa shi ne tsarin yin sa daki-daki.

Kafin ka ga yaron

Karanta dosiyensa, amma da farar takarda a gefe. Dosiye tarin laifi ne kawai, haka aka tsara shi. Kai kuma ka riƙa tsinto abin da aka ambata a wuce: ya kai aji biyar kafin ya bar lakwal, ya sauke izu goma, shi ke kai ƙannensa makaranta, ya shekara biyu yana turin kura bai taɓa cin kuɗin kowa ba. Da wuya ka rasa layi uku.

Sannan ka tabbatar da shekarunsa. A dokar Nijar yaron da bai kai 13 ba ba a ɗora masa alhakin laifi, matakan kariya kawai ake ɗauka a kansa. Daga 13 zuwa ƙasa da 18 alƙalin yara ke duba lamarinsa, ƙarƙashin doka mai lamba 2014-72 ta 20 ga Nuwamba 2014, wadda ta gaji dokar 1999 da ta kafa kotunan yara. Yaranmu da yawa, musamman na ƙauye da almajirai, ba su da takardar haihuwa, kuma yaro mai tsawon ƙafa yana iya tafiya a matsayin babba. In babu takarda, neman ta a kotu shi ne aikinka na farko. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta ce a sashe na 37 tsare yaro shi ne mataki na ƙarshe kuma na mafi gajeren lokaci. Riƙe wannan a ka, za ka buƙace shi gaban mutanen da ke ganin kaso ne kaɗai magani.

Zaman farko

Kada ka zauna bayan tebur shi yana tsugune. Banci ɗaya, ko tabarma a inuwa, ya fi. Tambaye shi ko ya ci abinci, in bai ci ba a nemo masa ko da ƙosai da kunu ne, don mai jin yunwa kome ka ce zai amsa da “to”. Kira shi da sunan da yake so, ba sunan da ƴan sanda suka laƙaba masa ba.

Ka gaya masa gaskiyar matsayinka tun da wuri: kai ba ɗan sanda ba ne, amma za ka rubuta wa alƙali rahoto, kuma in ya gaya maka wani zai cutu ba za ka rufe ba. Kada ka yi alkawarin fitar da shi. Yaran nan sun ƙoshi da alkawarin manya, kuma ƙarya guda ta isa ta rushe aikin wata shida.

A wannan zama kada ka nemi nadama. In ya yi shiru, bar shi da shirunsa. Minti ashirin sun isa, ka faɗa masa ranar da za ka dawo, ka kuma dawo a ranar.

Tono abin da ya iya

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin kuskure. In ka ce wa yaro “me ka iya?” zai ce “ba kome”, don abin da ya saba ji ke nan a gida da waje. Sai dai ka kewayo.

Ka ce ya ba ka labarin yininsa guda, tun daga kiran sallar asuba har kwanciya. Ina ya kwana, wa ya tashe shi, ina ya samu kalaci, wa ya ba shi aiki. Yaron da ke dako a kasuwar Kadro ya san farashin kwandon tumatir na safe da na yamma, ya san wace Hajiya ke biya da kyau, yana lissafi da ka fiye da ɗan kwaleji. Wanda ke kwana a tasha ya san kowace mota ta Ɗan Isa da ta Tasawa, ya san direbobi da halinsu. Almajirin da ya shekara biyar nesa da gida yana ciyar da kansa ya san juriya irin wadda ni da kai ba mu sani ba. Shi ba ya ganin waɗannan a matsayin iyawa. Kai za ka sa musu suna: “Wato kai ke riƙe kuɗin mutum huɗu a ka, ba ka taɓa ruɗewa ba?”

Sai tambayoyin da ke fito da mutane. Wa ke kiranka in yana neman taimako? Wa zai yi mamaki in ya ji kana nan? In ka samu jika biyar yau, wa za ka fara ba? Amsar tambayar ƙarshen nan, a mafi yawan yaran da na zauna da su, “Innata” ce ko “kakata”. Ka riƙe ta, ita ce igiyar da za ka ja daga baya.

Akwai kuma tambayar da masu warware matsala ta hanyar duba mafita, su Steve de Shazer da Insoo Kim Berg na Milwaukee, suka shahara da ita: neman ranar da matsalar ba ta faru ba. “Ka ce kullum kuna fita da dare. Yaushe ne aka kira ka ka ƙi zuwa?” Kowane yaro yana da irin wannan rana. Wani zai ce duk azumin bara bai taɓa kayan kowa ba. Wani zai ce lokacin da kawunsa ya tafi da shi girbin gero a Gidan Rumji, wata biyu ko taba bai sha ba. To, sai ka tsaya a nan ka tona: me ya bambanta, da wa kake, ƙarfe nawa kake kwanciya, me ka ce wa abokan da suka zo kiranka? Yana ba ka amsa yana jin kansa yana bayanin yadda shi da kansa ya taɓa bari.

Har cikin laifin akwai abin dubawa, sai dai a yi hattara. Mai kwance batir yana da hannu. Shugaban ƴan fada, wato majalisar shayin samarin unguwa, da ke tara yara goma su bi shi yana da baki da kwarjini. Wanda ke tsallaka da jarkar fetur ta hanyoyin daji daga Jibiya ya iya moto kuma ya san ƙasa. Amma ba satar kake yabo ba, kuma dole ya ji bambancin. Ni ga yadda na ce wa nawa: “Abin da ka yi wa mai motar nan zalunci ne, ya wayi gari ba abin nema wa iyalinsa abinci. Hannun da ya yi shi kuwa hannun gwani ne. Ni da hannun nake magana.” In ka yi dariya kana jinjina masa wayo, ka zama ɗaya daga cikin ƴan fadarsu.

Wasu abokan aiki suna cewa wannan shagwaɓa ɓarawo ne, hali zanen dutse, a kai shi kaso ya ga uwar bari. An gwada wannan a wani wuri. A shekarun 1970 a gidan kason Rahway na jihar New Jersey aka fara kai yara su ga ɗaurarru, ɗaurarrun su yi musu tsawa su tsorata su. Abin ya bazu a Amurka. Da aka zo aka auna, aka kwatanta yaran da aka kai da waɗanda ba a kai ba, sai aka tarar waɗanda aka kai sun fi komawa ga laifi. Tsoro yana aiki muddin mai bulala yana tsaye.

Bar shi ya kawo hujjar da kansa

Duk yaron da ka gani zuciyarsa biyu ce. Yana son kuɗin da daɗin fada, yana kuma jin kunyar yadda ake nuna uwarsa a gidan biki. In ka ɗauki ɓangaren bari ka yi ta jawo hujja, shi sai ya ɗauki ɗaya ɓangaren, ko da a zuci ne, ya yi ta kare shi. William Miller, wanda ya fara tsara salon hirar zaburarwa daga aikinsa da mashaya giya a 1983, da Stephen Rollnick da ya haɗu da shi daga baya, sun gina shi a kan wannan lura: mutum ya fi gaskata abin da ya ji daga bakinsa.

Saboda haka ka fara da abin da yake samu. “Me tramol ke yi maka?” Zai ce yana sa shi aiki ba gajiya, yana kore masa tunani. Kada ka musa. Maimaita masa: “Wato in ka sha, kana iya dako har la’asar.” Sai ka ce, “To ina abin da ba ka so game da shi?” Ka yi shiru. Shirun zai yi tsawo, ka daure. Abin da ya fito bayan shirun nan, ko da “yana cinye mini kuɗi” ne, ya fi wa’azinka na awa guda.

Ga wata dabara da ba ta son takarda. Tara tsakuwa 10 a ƙasa. Ka ce, “In goma ita ce ka shirya sarai ka bar wannan harka, babu ko ɗaya kuma ita ce ko a jikinka, ɗebi adadin da ke zuciyarka yau.” A ce ya ɗebi 3. Kuskuren da kowa ke yi shi ne ya ce, “Haba, uku kacal?” Kai ka ce, “Uku. Me ya hana ta zama ɗaya?” Dole ya ba ka dalilin ukun: ƙanwarsa, ko tsoron ya mutu a kaso, ko yarinyar da yake so a Mokoyo wadda ubanta ba zai ba ɓarawo ba. Sannan ka ce, “Me zai sa ta zama huɗu?” Abin da ya faɗa shi ne aikin satin.

In ya taso da gardama ko ya ce shi ba ruwansa, kada ka ja da shi. Ka ce, “Gaskiya ne, ba wanda zai iya canja ka dole. Alƙali zai yi nasa, saura kuma naka ne.” Sau da yawa wannan ke kwance masa damara.

Abu guda game da ƙwaya: yaron da ya daɗe yana shan tramol da yawa, a kai shi likita. Yawansa na jawo farfaɗiya, yanke shi farat ɗaya kuma na sa ciwon jiki, zufa da rashin barci, har yaron ya ga gara ya koma. Wannan ba aikin ƙarfin zuciya kaɗai ba ne.

Gida

Je gidan da ƙafarka, kada ka aika a kira su biro. Ka gaida maigida yadda ya kamata, ka sha ruwan da aka kawo, ka bar su su zazzage fushinsu. Uban zai ce ya sallama shi, ya cire shi daga cikin ɗiyansa. Kada ka yi gardama da wannan ma, zafin kunya ne ke magana.

Sai ka juya akalar: “Baba, kafin abin ga ya faro, wane aiki ne in ka sa shi hankalinka ke kwanciya?” Ko ka ce wa uwar, “Inna, yaushe rabon da ya yi abin da ya faranta miki rai?” A nan akwai wani abu namu da littattafan waje ba su san da shi ba, wato alkunya. Uwa ba ta yabon ɗanta gaban baƙo, in ɗan fari ne ko sunansa ba ta faɗi. Shirunta ba ƙiyayya ba ce. Nemi kaka, ita da ke kiransa “maigidana” tana yi masa tsiya, ita za ta gaya maka cewa shi ke ɗebo mata ruwa kuma shi ya gyara mata rediyo. Nemi gwaggo, nemi kawu. Cikinsu za ka samu babban nan guda da ake nema, wanda zai yarda ya riƙa ganin yaron kullum, ba sai ya yi laifi ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kowa ya san karin maganar, amma sai an samu wanda ya fara faɗin ta a tsakar gidan.

In almajiri ne, malaminsa ne gidansa na nan, amma a nemi iyayen ko a wane ƙauye suke. Wani lokaci za ka tarar ba su ma san an kama shi ba.

Wanda aka yi wa ɓarna

Duba alherin yaro ba ya share haƙƙin mai kaya. In alƙali ya ba da dama kuma mai kayan ya yarda, a zauna gaban mai unguwa ko liman, yaron ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ya ji irin asarar da ya jawo, a yanka abin da zai biya. Ka yi ƙoƙari biyan ya fito daga guminsa, ko da dala ɗari-ɗari ne duk sati, maimakon uban ya sayar da akuya a rufe magana. Kada a tilasta wa wanda aka cuta ya yafe, kuma laifin da ya shafi fyaɗe ko jini ba na zauren mai unguwa ba ne.

Ubangidan sana’a, da lissafin abincin rana

Sana’ar ta fito daga abin da ka tono, ba daga abin da ke akwai ba. Na ga yara da yawa da aka tura ɗinki don kawai wani shiri ya raba kekuna, bayan wata uku keken yana kasuwa. Mai hannun waya a kai shi wutar mota, gyaran salula ko haɗa sola. Mai ƙarfi da son ƙarfe, walda. Wanda ya taso da dabbobi, jar akuyar Maraɗi tana haihuwa da wuri kuma tana yawan yin tagwaye, uwa biyu sun isa yaro ya ga abin kansa yana ƙaruwa. Ɗan gefen gulbi yana iya samun wuri a lambunan Jiratawa, inda zogale da albasa ba sa rasa mai saye. Akwai kuma cibiyoyin koyon sana’a na gwamnati a cikin kwaminoni, ga wanda zai iya zaman aji.

Wajen zaɓen ubangida, haƙurinsa ya fi gwanintarsa muhimmanci. Ka gaya masa gaskiyar abin da yaron ya yi, kada ya ji a bakin maƙwabta. Ku yi yarjejeniya uku: ba duka, ba kiran sa ɓarawo gaban sauran yara, in abu ya ɓace a kira ka kafin a yanke hukunci. Wanda na kai nawa wurinsa, wani dattijo mai gyaran wutar mota, ya saurare ni har na gama, ya ce, “Malam, in ya sace mini, ni da kai ne.” Na ce na yarda. A sati na biyu ya ba yaron mabuɗin akwatin kayan aiki ya ce shi zai riƙa ƙirga su da yamma. Ban taɓa karanta dabarar da ta kai wannan ba.

Sai lissafin da ake mantawa. Yaron nan a titi yana iya samun jika guda a yini, wata rana fiye. A gareji ɗan koyo ba shi da albashi, sai abin da maigida ya miƙa masa. In ba a tanadi abincin rana da ɗan kuɗin sabulu ba, yunwa za ta mayar da shi inda ya fito kafin sati uku, kuma a ce halinsa ne. Zauna da kawun da ubangidan a san wa zai ɗauki wannan, da adadinsa, tun kafin ranar farko.

Shirin sati guda

Kada ka rubuta “zai zama mutumin kirki”. Rubuta abin da ido ke gani: zai isa gareji kafin ƙarfe 8 daga Litinin zuwa Alhamis, zai kwana gidan kawu, zai kai wa mai mota dala ɗari ranar Juma’a. Abu biyu ko uku, shi ya zaɓe su, kuma su zama waɗanda ka tabbata zai iya. Yaron da bai taɓa cin nasara a idon manya ba yana buƙatar ya ɗanɗana ta da wuri.

In kun haɗu, fara da abin da ya yiwu. Ya je kwana uku cikin huɗu? Tambaye shi yadda aka yi ya tashi a kwana ukun, kafin ka zo kan na huɗun. Yabon kuma ya zama na abin da ya aikata, da sunansa: “An ce jiya kai ka gano wayar da ta ƙone.” In ka iya sa maganar ta kai kunnen ubansa ta bakin wani, ta fi tasiri nesa, don yabon da aka yi a bayan ido shi ake gaskatawa.

Fada

Za ka so ka ce ya rabu da abokansa. Ba zai yi ba, kuma in ya yi, da wa zai sha shayi? Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, gaskiya ne, amma sai ka samo masa wani wurin zaman. Ƙungiyar ƙwallon unguwa, makarantar dare, ko kokowa ga mai ƙarfi da zafin zuciya. Maraɗi, wadda ɗan kokowarta Kantu ya ɗauki takobin farko na gasar kokowar ƙasa a Tawa a 1975, bai kamata ta rasa inda za ta kai yaro mai son a san da shi ba. Cikin fadar tasu ma ka tambaye shi wane ne ba ya shan kome, wane ne ke da sana’a. Akwai shi, kuma shi ne abokin da za a jawo kusa.

Ƴan mata da waɗanda ke tsare

Ƴan mata ba su da yawa a dosiyoyinmu, amma nasu ya fi nauyi, don gida ya fi saurin rufe musu ƙofa. Mace ce ya kamata ta zauna da su. Ka sa a ranka cewa yarinyar da aka kama da laifi sau da yawa an riga an yi mata wanda ya fi shi, a wajen talla ko aikatau ko auren da ba ta so. Iyawarta kuwa a fili take: wadda ta shekara biyar tana talla ta san ciniki, ta san riba da uwar kuɗi.

Wanda ke gidan kaso ko cibiyar gyaran halin yara ta Dakoro, duk matakan nan suna aiki a kansa, sai dai shirin fita ya fara tun ranar shiga. Ka tabbata ba a haɗa shi ɗaki da manya ba, ka sa wani daga gida ya riƙa zuwa, kuma ranar da zai fito a san wanda zai tarye shi a ƙofa, inda zai kwana, da inda zai je washegari da safe.

Rahoto, da ranar da ya koma

A rahotonka ga alƙali ka faɗi laifin yadda yake, kada ka rage. Sannan ka sa abin da dosiye bai ɗauka ba: abin da ya iya, wanda ya yarda ya riƙe shi, ubangidan da ya karɓe shi, nawa ya biya zuwa yau. Alƙali yana da ikon mayar da yaro hannun iyaye ko wani amintacce maimakon tsarewa, amma ba zai yi haka a kan iska ba, sai ka ba shi abin da zai dafa.

Kuma zai yi tuntuɓe. Nawa ya yi, a wata na huɗu: ya ɓace kwana tara bayan wata hatsaniya da matar kawunsa, aka gan shi a tasha idonsa jawur. Na same shi bayan wata rumfar mai shayi. Ya zaci tsawa zan yi. Na zauna na ce a ba mu shayi biyu, na ce, “Wata huɗu ka yi. Da can sati uku ne. Me ya riƙe ka har wata huɗu?” Ya daɗe bai ce kome ba, can ya ce, “Mabuɗin Baba yana wurina.” Yana nufin dattijon gareji. Ya laluba aljihu ya fito da shi, ɗaure da wani tsumma. Washegari muka tafi tare, dattijon ya dube shi sama da ƙasa ya ce kayan aiki kwana tara ba a ƙirga ba, ya wuce ya ƙirga. Wurin kwana muka canja, ya koma ɗakin kakarsa a Bagalam.

Kada ka rufe dosiye ranar da wa’adin alƙali ya cika. Ka riƙa rage zuwa a hankali, daga kowane sati zuwa kowane wata, har ka ga in matsala ta taso kawun ko ubangidan ake fara nema, ba kai ba. Ni na daina zuwa garejin da sunan aiki bayan shekara guda da ƴan watanni. Bara da damina motona ya ƙi tashi, na tura shi har can. Shi ya duba, ya ce ruwa ne ya shiga wajen wuta, ya gyara cikin minti goma. Na tambayi kuɗi ina tsammanin zai ce in bar shi. Ya goge hannu da tsumma ya ce, “Jika guda ne, Mushe. Na Baba ne, ba ni da ikon ragi.”